Yadda ake auna garaɓasar intanet da baucar rangwame kafin a biya kuɗi a Kaduna

Daga an shiga watan Nuwamba, ko azumi ya raba tsakiya, wayar mutum ba ta hutawa. Wannan manhaja ta ce ta zaftare kashi 50, waccan ta ce kashi 70, ga agogo a saman shafi yana ƙirgawa wai saura awa biyu garaɓasa ta ƙare. Mai saye a Kaduna abu biyu ya kamata ya auna: nawa ne zai fita daga aljihunsa kafin kayan su shigo hannunsa, sannan a hannun wa kuɗinsa za su zauna idan ciniki ya lalace. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan biyun suke tafiya.

Mataki na 1: Gane wane irin rangwame ne a gabanka

Abubuwa huɗu ake kira da suna ɗaya, alhali kowanne da hanyarsa.

Akwai garaɓasar yini, inda shagon intanet kamar Jumia ko Konga zai ware wasu kaya ya sauke farashinsu na 'yan awanni ko na yini guda. Akwai lambar rangwame, wato haruffa da lambobi da ake rubutawa a wani gurbi lokacin biya a cire maka wani abu. Ita kyauta ake samun ta. Akwai kuɗin da ake maido maka bayan ka biya, irin wanda manhajoji kamar OPay da PalmPay suka saba bayarwa a kan sayen kati da data, shi kuwa sai ka biya cikakken farashi tukuna. Sai ta huɗu, baucar da ake saya tun kafin a yi aiki: ka ba wani shafi naira 5,000 yau, ya ba ka lamba ka kai gidan abinci ko otal ko wurin gyaran jiki a yi maka hidimar naira 10,000.

Ta huɗun ce ke buƙatar bayani, domin ita ce ta fi ruɗin mutane. Kamfanin Groupon ne ya yaɗa wannan tsari a duniya. Ya fara a birnin Chicago na Amurka a 2008, kuma a farkonsa garaɓasa ba ta tabbata sai adadin mutanen da aka ƙayyade sun saya. Abin da aka san shi da shi a wancan lokacin shi ne a rage rabin farashi, sannan shafin ya riƙe kusan rabin abin da mai saye ya biya. Ka yi lissafin da kanka. Abincin naira 10,000, ka biya 5,000, shafi ya ɗauki 2,500, mai gidan abinci ya tashi da 2,500. Mutumin da ya dafa abincin 10,000 ya karɓi 2,500 ba zai bar ka ka zo ranar Asabar da daddare, lokacin da kujerunsa suka cika da masu biyan cikakken kuɗi ba. Daga nan ne sharuɗɗan nan masu ban haushi suka samo asali: ban da ƙarshen mako, ban da ranakun biki, sai an kira kafin a zo, tebur ɗaya bauca ɗaya.

A Najeriya DealDey ne ya yi suna da wannan sana'a. Sim Shagaya ya kafa shi a Legas a 2011, kafin ya kafa Konga a 2012. Kamfanin Ringier na Suwizalan ya saye shi a 2016, daga baya kuma ya daina aiki. Abin lura a nan shi ne shafin sayar da bauca kasuwanci ne kamar kowane, yana iya rufewa, saboda haka bauca ba abar ajiya ba ce.

Idan za ka kwatanta shafuka biyu, tabbatar iri ɗaya kake kwatantawa. Kashi 10 da aka cire maka nan take ya fi kashi 10 da za a maido maka gobe, kuma dukansu sun fi kashi 10 da sai ka biya kuɗi an ba ka lamba kana jira.

Mataki na 2: Nemo farashin gaskiya kafin ka kalli rangwame

Farashin nan da ake rubutawa a ja masa layi, mai sayarwa ne ya rubuta shi da hannunsa. A manyan shagunan intanet yawancin kayan na 'yan kasuwa ne daban-daban da suka buɗe rumfa a cikin shafin, kuma kowa shi ke sa farashinsa. Wanda ke son ya nuna kashi 40 sai ya ɗaga tsohon farashi kawai. Don haka kada ka auna da shi.

Ga yadda ake yi. Rubuta cikakken sunan kayan da lambar samfurinsa. Idan waya ce, har da girman ma'ajiyarta, domin mai giga 128 da mai giga 256 suna ɗaya ne, farashi daban. Idan fanka ce mai caji, rubuta inci nawa ce da ƙarfin batirinta. Idan shinkafa ce ko madara ko sabulu, rubuta nauyi. Sannan ka nemi farashi daga wuri uku: wani shagon intanet daban, wani mai sayarwa daban a cikin shagon da kake dubawa, da kasuwa ta zahiri. Na kasuwa shi ne ginshiƙi. Kira wani da ka sani a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko a shagunan kan titin Ahmadu Bello, ko ka biya ta Kasuwar Bacci idan kayan sawa ne, ka tambayi farashin sallamawa, wato inda ciniki ke tsayawa bayan an yi tayi. Farashin da mai shago ya fara faɗa ba shi ne ma'auni ba, shi ma ya san za a taya.

Idan garaɓasar da kake jira ta lokaci ce, kamar ta watan Nuwamba da Jumia ke kira Black Friday, Konga kuma ke kira Yakata, ko ta ranar 11 ga Nuwamba ta AliExpress, to tun makonni uku kafin lokacin ka ɗauki hoton fuskar wayarka da farashin kayan a jiki. Maimaita bayan mako guda. Ranar da aka buɗe garaɓasa sai ka ɗora sabon farashi a kan hotunan. Wannan ɗan aikin na minti biyu shi ke tona asirin wanda ya ɗaga farashi a Oktoba don ya sauke a Nuwamba.

Mataki na 3: Yi lissafi har ƙofar gida

Nan ne aikin yake. Ɗauki takarda da biro, ka ja layuka gwargwadon wuraren da kake kwatantawa. A ƙarƙashin kowanne rubuta farashi bayan rangwame, kuɗin kawowa Kaduna, kuɗin abin hawa idan kai za ka je karɓa, da duk wani caji da zai bayyana a shafin ƙarshe. Kuɗin kawowa ba ya fitowa daidai sai ka sa kayan a kwando, ka zaɓi jihar Kaduna da unguwarku, ka je har gaf da biya. Yi hakan a kowane shafi, ka tsaya kafin ka danna maɓallin ƙarshe.

A ce na'urar markaɗe kake nema. Shafi na farko ya rubuta 60,000 ya ja layi, ya ce an rage kashi 40, ta koma 36,000. Kawowa har gida a Unguwar Rimi 4,500. Jimla 40,500. Shafi na biyu bai ja wani layi ba, 42,000 ya sa, amma akwai lambar rangwame ta kashi 10 wadda ba ta wuce 3,000, ta koma 39,000. Karɓa a ofishinsu 1,200, kuɗin Keke zuwa da dawowa 800. Jimla 41,000. A kasuwa mai shago ya ce 43,000, ya sallama a 40,000, ga kuɗin mota 800. Jimla 40,800. Ka ga kashi 40 da aka yi ta kururutawa ya dawo ratar naira 300 tsakaninsa da kasuwa. A irin wannan hali kasuwa ta fi, domin a gabanka za a jona ta a wuta ka ga tana juyawa, kuma ka san ƙofar da za ka koma idan ta ba da matsala. Mu a ganinmu, idan ratar ba ta kai kashi 10 na farashin kasuwa ba a kan kayan lantarki, jira da fargabar ba su biya ba.

Akwai wasu dabarun lissafi da ya kamata su zauna a kai.

Rangwame mai rufi: idan aka ce kashi 20 amma ba ya wuce 2,000, to cikakken kashi 20 yana tsayawa ne a sayayyar 10,000. Idan ka yi sayayyar 50,000, kashi 4 kacal ka samu. Irin wannan lamba ta ƙananan kaya ce.

Rangwame mai ƙa'idar mafi ƙarancin saye: an ce za a cire maka 5,000 idan ka kai 50,000, kai kuma buƙatarka ta 41,000 ce. Idan ka ƙaro kayan 9,000 don ka cike, 45,000 za ka biya, wato ka ƙara 4,000 a kan abin da ka yi niyya. Yana da amfani ne kawai idan kayan 9,000 ɗin dama za ka saye su a wannan watan, kamar omo ko man girki. Kuma kuɗin kawowa yawanci ba ya shiga cikin cikon.

Rangwame a kan rangwame ba a tara shi kai tsaye. Kashi 20 sannan kashi 10 a kan 10,000 yana ba da 8,000 sannan 7,200, wato kashi 28. Idan kuma ɗaya tsayayyen kuɗi ne ɗaya kaso, wanda aka fara cirewa yana canja sakamako: a cire 1,000 sannan kashi 20, ka biya 7,200, a cire kashi 20 sannan 1,000, ka biya 7,000.

Sayi ɗaya a ba ka ɗaya rabin farashi ne idan kana buƙatar biyun. Sayi biyu a ba ka na uku kusan kashi 33 ne. Na biyu a rabin kuɗi kuwa kashi 25 ne, duk da kalmar rabi da aka rubuta da manyan baƙaƙe.

Kuɗin da ake maidowa su ma a rage musu daraja a lissafi. Ka kashe 20,000 an maido maka 2,000 cikin asusun manhaja, waɗanda ba sa fita sai dai ka sake saye da su. Ka biya 20,000 ka samu kayan 22,000 ke nan, kusan kashi 9. Idan kuma suna da wa'adi, ko an ce kaɗan-kaɗan za a riƙa cirewa a kowace sayayya, ƙimarsu ta ƙara sauka.

Garaɓasar data ma haka take. Giga 10 a 3,000 na kwana 7, da giga 10 a 4,500 na kwana 30: wanda giga 4 yake sha a mako, na farkon ya tsaya masa a 750 kowace giga domin sauran za su ƙone, na biyun kuwa 450 idan ya shanye su cikin watan. Duba kuma ko wani ɓangare na datar na dare ne kawai, ko na wata manhaja ɗaya.

Mataki na 4: Karanta ƙananan rubutu, ka fara da wuri

Tambaya ta farko ga mazaunin Kaduna ita ce: a ina ake amfani da wannan bauca? Yawancin baucocin abinci da otal da wuraren shaƙatawa na Legas da Abuja ne. Ko kamfanin yana da reshe a Kaduna, ba lallai reshen ya shiga garaɓasar ba. Baucar da sai ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu kafin ka ci moriyarta, kuɗin tikiti ya riga ya cinye ta, sai fa idan dama tafiyar na gabanka. Haka alkawarin kawowa kyauta, sau da yawa na wasu birane ne, ko na kayan da ba su da nauyi.

Bayan wuri sai wa'adi. Rubuta ranar ƙarewa a kalandar wayarka, ka sa ta tuna maka mako guda kafin ranar, domin kwanakin ƙarshe su ne lokacin da duk masu bauca ke tururuwa, mai wurin kuma ya ce babu gurbi. Duba ranakun da aka cire. Baucar ɗinki ko kwalliya ko ɗaukar hoto da ta ce ban da lokacin bukukuwa ba za ta yi wa mai shirin Sallah amfani ba. Baucar abincin rana mai wa'adin kwana 30 da aka saya ana gobe azumi kuwa, sadaka ce ga mai shafin.

Sai ka duba ko ta sabon mai saye ce kawai, ko sai a manhaja take aiki ban da shafin burawuza, ko sai da katin wani banki, ko ta wani rukunin kaya ce. Duba ko a zama ɗaya ake cinye ta: baucar 10,000 da ka ci abincin 7,000 da ita, yawanci ba a ba da canji. Duba kuma haraji. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun 2020, kuma wasu wuraren a kan cikakken farashi suke lissafa shi su ce ka biya daban, wato 750 a kan 10,000, ban da kuɗin hidima idan suna karɓa.

Mataki na 5: Tantance wanda zai riƙe maka kuɗi

Shafuka biyu na iya ba da farashi ɗaya amma haɗarinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Jera su kamar haka. Mafi sauƙin haɗari shi ne wanda ke yarda ka biya bayan kaya sun iso. Na biye da shi, babban shago da ke riƙe kuɗin a wurinsa kuma yana da rubutacciyar ƙa'idar mayar da kaya. Na ƙarshe shi ne mai sayarwa a Instagram ko Facebook ko TikTok ko WhatsApp da zai ce ka tura kuɗi asusunsa. A cikinsu akwai mutanen kirki da yawa, har da matan aure masu sana'a a Malali da Barnawa da Kawo, amma da zarar ka tura, amana ce kawai ta rage tsakaninku. Idan a cikin gari mai kayan yake, nemi a aiko ɗan saƙo ka gani ka biya, ko ka je da kanka. Ba a cinikin biri a sama.

Ga shafin da ba ka sani ba, duba abubuwa huɗu. Karanta adireshin shafin harafi bayan harafi, domin 'yan damfara kan canja harafi ɗaya a sunan babban kamfani. Nemi sunan kamfanin a shafin binciken rajista na hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kyauta ne. Duba ko sunan asusun da za a biya ya dace da sunan kamfanin. Sannan, idan bauca ce, kira gidan abincin ko otal ɗin ta lambar da ka samo da kanka, ka tambaye su ko sun san da wannan garaɓasa kuma suna karɓa a reshensu na Kaduna. Wannan kiran na minti ɗaya ya fi duk sauran binciken.

A cikin babban shago, mai rumfar ake tantancewa. Duba tsawon lokacin da ya yi yana sayarwa da makin da aka ba shi, ka tsallake yabo ka karanta ƙorafin masu tauraro ɗaya da biyu. Idan mutum uku sun ce abin da aka kawo ya fi na hoto ƙanƙanta, to haka ne.

Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp wai wani kamfani na bikin cika shekara, ka amsa tambayoyi uku, ka tura wa rukuni biyar a ba ka kyauta, ba garaɓasa ba ce, tarko ne na kwasar bayanai. Babu rangwamen gaskiya da ke neman lambar sirrin katinka, ko BVN, ko lambar OTP da banki ya turo maka. Haka wanda zai ce ka biya kuɗi kaɗan ka juya ƙafar sa'a ko ka buɗe akwati: biya don gwada sa'a caca ce, ko da an yi mata ado da sunan rangwame.

Lambobin da masu barkwanci da 'yan fim ke rabawa a shafukansu galibi na gaske ne, sai dai su ma ana ba su la'ada a kan kowane ciniki. Karɓi lambar, amma yabon kayan ka auna shi da Mataki na 2.

Mataki na 6: Biya

Sa kayan a kwando, rubuta lambar rangwame, danna maɓallin tabbatarwa, ka ga jimlar ta sauka da idonka kafin ka biya. Da wuya a cire maka bayan ka riga ka biya.

Idan lamba ta ƙi shiga, bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya: ko an kwafo ta da fili a gaba ko a baya, ko an rikita sifiri da harafin O, ko 1 da harafin I, ko kwandon bai kai ƙa'ida ba, ko akwai kaya ɗaya a ciki da garaɓasar ba ta shafa ba, ko lambar wayarka ta taɓa yin rajista, don haka ba a ɗauke ka sabo ba, ko adadin da aka ware ya ƙare. Idan ta ƙi, koma kan takardarka. Ba mamaki shafin da ya zo na biyu shi ne yanzu na ɗaya.

Ware asusu ɗaya na sayayyar intanet, ka riƙa zuba masa daidai abin da za ka kashe. Kada ka bar shafi ya adana katin da albashinka ko jarinka ke ciki. Kula da ɗan akwatin da ake yi wa alama tun kafin ka zo, na sabunta rajista kai tsaye: watan farko a rabin kuɗi, na biyu a cire cikakke ba tare da an tambaye ka ba. Ga shafukan waje kamar AliExpress da Temu, duba adadin da bankinka ya cire a zahiri ka gwada da wanda shafin ya nuna, kuma ka sa a ranka kayan da ke tasowa daga Sin makonni suke yi. Kayan Sallah ba a yin odarsu ana saura kwana goma.

Bayan biya, ɗauki hoton shafin garaɓasar da sharuɗɗanta, da lambar oda, da alat ɗin banki. Shafin garaɓasar yini yakan ɓace washegari, ranar gardama kuma hoton nan ne shaidarka.

Wajen adireshi, idan layinku ba shi da lambar gida a bayyane, kamar yadda yake a sassa da yawa na Rigasa da Hayin Banki da sababbin unguwannin bayan gari, zaɓi karɓa a ofishinsu ko ka ba da adireshin wurin aikinka. Yawanci ya fi araha, kuma yana hana a mayar da kaya a ce an kira ba a same ka ba. Sai dai ofishin karɓa ma kwanaki ƙalilan yake ajiye kaya, ka duba saƙon da suka turo.

Mataki na 7: Karɓar kaya da cin bauca

Kunna bidiyon waya kafin ka yanke leda, ka nuna takardar da ke jikin kwalin, ka buɗe ba tare da ka tsayar da ɗauka ba. Idan waya ce, danna *#06# ka gwada lambar shaidar wayar, wato IMEI, da ta fito da wadda ke jikin kwali. Idan abinci ne ko man shafawa ko magani, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, domin wani rangwamen dalilinsa ke nan: saura wata ɗaya kayan su tashi aiki. Madarar yara katan guda da za ta lalace kafin a sha rabinta ba araha ba ce. Kada ka yar da kwali da ledoji sai kwanakin mayarwa sun wuce, kuma kwanakin nan daga ranar karɓa ake ƙirga su, ba su da yawa.

Ga bauca, kira ka kama gurbi, ka faɗa tun a waya cewa da bauca za ka zo, ka rubuta sunan wanda ya amsa. Da ka isa, nuna ta kafin a fara hidima, a yi magana a kan abin da ta ƙunsa da abin da za ka cika. Kada ka karanta wa kowa lambar a waya, domin da zarar an shigar da ita an ƙone ta, ko ka zo ko ba ka zo ba.

Mataki na 8: Idan ciniki ya lalace

Tun kafin saye ya kamata ka san ina kuɗi ke komawa idan an mayar da kaya, asusun banki ko asusun cikin manhaja. Abin da ka biya ake maidowa, ban da ƙimar lambar rangwame, kuma lambar da aka yi amfani da ita ba kasafai take dawowa ba. Idan ka mayar da kaya ɗaya daga cikin kwando har jimlar ta faɗi ƙasa da ƙa'ida, suna iya zare rangwamen gaba ɗaya daga abin da za su maido maka.

Fara da shafin da ka biya, a rubuce, ta cikin manhaja ko imel, da lambar oda da hotuna da bidiyon buɗewa, ka karɓi lambar ƙorafi. Idan mai gidan abinci ne ya ƙi karɓar bauca, kada ka tsaya cacar baki da ma'aikaci, shafin da ya karɓi kuɗinka shi ne abokin maganarka. Idan an cire kuɗi oda ba ta shiga ba, ko an cire sau biyu, bankinka za ka kai wa ƙorafi a rubuce. Idan mako biyu suka wuce bai warware ba, sai ka ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya da lambar ƙorafin da bankin ya ba ka. Idan kuwa kamfani ne ya sayar maka da abin da ya saɓa wa tallarsa ya kuma ƙi gyarawa, hukumar FCCPC, wadda dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa, tana karɓar ƙorafi ta shafinta. Wanda ya gane damfara ce bayan ya tura kuɗi, ya kira bankinsa a cikin wannan sa'ar da lambar asusun da ya tura wa, domin irin waɗannan kuɗi ba sa kwana a asusu ɗaya.

Bayan an gama, shiga saitin manhajar ka kashe sanarwar talla, ka bar ta oda kawai. Saƙonnin tallan da ke shigowa ta layin waya kuma, tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta ware don haka, kyauta ne a kowane layi.